Tulun Iri da Littafi Mai Shuɗin Bango

Bana azumi ya sake faɗowa a ƙarshen bazara, lokacin da kowa ke ɗaga kai yana duban gabas. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, in maƙala tabarau, in ɗora littafin Rabi a cinya. Rabi ita ce ta biyu a 'ya'yana, tana koyarwa a Gummi. Ita ta rubuta littafin, ta kai aka buga mata da guminta. Labarin wani zamani ne mai zuwa, da mutane suka yi ta haƙar zinari har ƙasa ta daina karɓar shuka. Ta ce ba za ta kai shi kasuwa ba sai na karanta na faɗi abin da na gani. Kusan kullum sai ta bugo waya.

"Inna, kin kai ina?"

In ce mata ina nan tafe. Sai ta yi dariya, don ta san tafiyata. Ni da yatsa nake karatu, kalma bayan kalma, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Shekaranjiya ina cikin karatun, iska mai zafi ta kaɗo takardar, na kai yatsa baki in jiƙa don in buɗe shafi, sai na ji babu yawu. A nan take wata bazara ta dawo mini, wadda ta wuce shekara talatin, ita ma cikin azumi.

Muna ƙauyenmu na kusa da Nasarawa Burkullu. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Abin da muka kwaso bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Maigidana da wansa suka tafi ci-rani kudu, suka bar mu mu uku a gida da yara: ni, da Kulu matar wan maigidana, da surukarmu, wadda duk muke kira Inna. Kulu tana da ɗa a goye. Rabi kuwa ba ta daɗe da yaye ba.

Yadda rana ke tafiya a lokacin ina iya lissafa shi har yau. Da an sallame asuba mu kama hanyar rijiya, don in rana ta fito sai dai ka jawo laka. Igiyar guga an yi mata ƙari da tsohon zane, an sake yi mata. In mun dawo, mu fita daji neman anza. Yaran yanzu ba su san ta ba. 'Ya'yan wani ɗan itace ce mai ɗacin tsiya, sai an ɓare ta, an jiƙa, a zubar da ruwan a sake wani, har ɗacin ya sauka kafin ta dafu. Ga ruwan ma da ƙyar ake samunsa. Fulanin da muke musayar gero da nono da su duk sun kora shanu kudu, ko da suna nan ma ba mu da geron ba su. Da hantsi ƙasa ta ɗau zafi har kaji su buɗe baki su laɓe a gindin randa. Da azahar ba ka jin motsin komai a garin sai kukan kurciya. Abin buɗa baki ruwa ne, sai kunun dusa da tsamiya, sai anza in ta samu. Kulu takan ce mu ko watan bai kama ba, azumin muke.

Amma akwai gero a gidan, kuma duk mun san inda yake. Yana ƙarƙashin gadon Inna, cikin tulu. Al'adarta ce duk kaka ta shiga cikin dammuna ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke da hannunta, ta gauraya da toka don kada ƙwari su shiga, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Wannan shi ne iri. Ɗan gajeren gero ne mai saurin nuna, ta ce daga gidan mahaifiyarta ta zo da shi. In aka daka shi ba zai wuce tuwon 'yan kwanaki ba. In aka shuka shi kuwa, gonarmu ce gaba ɗaya. A shekarar nan ko kana da abin saye ba mai sayar maka da iri.

Akwai kuma littattafai a gidan, daga hannun Malama Rifkatu suka fito. 'Yar Zuru ce, mijinta yana aiki a ɗakin shan magani, ita ta koya mana karatun boko mu matan aure a wani zaure. Duk gidanmu ni kaɗai na jure har na iya haɗa baƙi. Da azumi ya kama aka rufe aji, sai ta ba ni littattafai biyu ta ce kada in bar karatun ya kwana. Ba irin na makaranta ba ne. Masu su ne suka buga abinsu da kansu, da tafireta, aka juya a inji, aka ɗinke da zare, suna kaiwa kasuwa. Tawadar wani wuri ta yi baƙi ƙirin, wani wuri kamar an wanke.

Haka muka samu abin yi bayan la'asar, lokacin da yini ya fi tsawo. Inna da Kulu suna ɓarar anza, ni an ɗauke mini aikin, ina karantawa. Kulu ta ce dama wayo na yi na shiga aji.

Na fari mai jan bango ne, labarin mutanen da, wani gari mai ganuwa da abokan gaba suka yi wa zobe. Kulu ta so shi ƙwarai, musamman jarumin, har takan sa in maimaita kirarinsa. Inna kuwa sai da muka gama ta yi magana.

"Wanga ya zauna da tsofaffi," in ji ta. "Yadda ya ce ana gayyar gyaran ganuwa bayan damina, kowace unguwa da nata yanki, haka kakata ta gaya min. Wurin ga bai yi ƙarya ba. Amma ina mata? Gari na cikin zobe, wa ke kai ma masu tsaro ruwa? Wa ke daka? Mace ɗaya munka ji, ita ma kuka takai."

"Inna, labarin yaƙi na fa," in ji Kulu.

"Yaƙin da ba a cin tuwo?"

Na biyu shi ne mai shuɗin bango, ɗan siriri. Tun shafin farko Inna ta ɓata fuska, domin marubucin ya ce abin da zai faɗa bai faru ba tukuna, sai zamanin jikokin jikokinmu. Wai a zamanin ruwa ya yi ta makara, har masu mulkin wani gari suka tattara duk irin da ke hannun mutane suka kulle a rumbun ƙarfe. Suka hana kowa shuka, su ke raba abinci da gwangwani, wanda ya yi musu gardama a hana shi. Har aka haifi yaran da ba su taɓa ganin gero a tsaye ba.

"Rufe shi," in ji Inna. "Abin da bai faru ba mi za a saurara? Wancan ko da gyara gaskiya ta. Wanga ƙarya ta tsagwaronta."

Na rufe. Washegari da la'asar ta zauna da ƙwaryar anza, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ina maƙaryacin nan naki? Ɗauko shi mu ji iyakar ƙaryar."

Muna tsakiyar littafin nan nonon Kulu ya fara ɗaukewa. Yaron ya kama ya saki, ya kama ya saki, kukan ma ya koma kamar na mage. Rabi kuwa na same ta a bayan ɗaki tana ɓantarar katanga tana kaiwa baki. Wata safiya bayan mun dawo rijiya Kulu ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, don Allah a fasa tulun ga. Ko kunu a dama ma ɗiyan ga. Ruwan da ba mu gani ba za mu aje ma abinci?"

Ina tsaye da tulun ruwa a kai, zuciyata tana tare da Kulu. Inna ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ce, "Ran Juma'a, in ba a yi ruwa ba, a fasa."

A ranar da la'asar muka iso inda wata tsohuwa ta shigo labarin. Ita ta ƙi ba da nata irin. Ta sa jikarta ta yi mata kitso, tana tura ƙwayar gero a cikin kowane layi, ta ɗaura kallabi, ta kama hanyar barin garin don ta kai irin wani kwari da aka ce har yanzu yana riƙe laima. Ga masu tsaro a kowace ƙofa, suna caje mutane har takalmi.

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Sake karanta wurin kitson."

Na sake.

"Shi wa ya gaya mai?" in ji ta. "Mai ƙaryar ga ya san iri." Ta ci gaba da ɓara. Can sai ta ce, "Ku ji. Ba ni fasa tulu sai na ji yadda tsohuwar ga ta ƙare da nata."

"Inna, kin ce Juma'a!"

"Na ce. Yanzu kuma na ce wanga. Hajo ta karanta, ran da ta kai ƙarshe a fasa."

Hajo ni ce. Haka aka ɗora tulun a kan harshena.

Wallahi ban ja karatun da gangan ba. So nake in yi sauri. Amma ga tawada ta koɗe, ga kalmomin da ban taɓa haɗuwa da su ba, sai na tsaya na haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kafin su fito. Ga ƙishi. In na yi ɗan nisa harshe ya manne a dasashi, murya ta koma iska, dole in ajiye sai gobe. Da safe kuma ba dama, akwai rijiya da daji. Rabi takan jingina da ni, ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinta a hannuna ina bin layi da yatsa.

"Malama Hajo," in ji Kulu, "da wanga karatu naki ko takardar mutuwa anka aiko, sai an yi sadakar arba'in kafin ki gaya muna wa ya mutu."

Wata rana Inna ta shiga alwala, Kulu ta matso ta rage murya.

"Ke, buɗe bayan littafi ki duba. Ki ce kin kai. Wa ya sani? Ita ta iya karatu?"

Na riƙe littafin, yatsana a kan bangon baya. Ba tsoron Inna ne ya hana ni ba. Malama Rifkatu ta sha gaya mana cewa wanda ke karanta wa mutane amana ce a hannunsa, abin da ke kan takarda shi zai faɗa, a inda yake. Ni kuma a duniya ba ni da wani abin da na iya wanda sauran ba su iya ba sai wannan. Na ce, "Yaya Kulu, ki yi haƙuri, in na tsallake ban san hanyar dawowa ba." Daga ranar na riƙa juye mata rabin kununa a ƙwaryarta in an sha ruwa. Ta karɓa, amma ba ta daina harara ta ba.

Juma'a ta zo ta wuce. Hadari yakan taso da yamma ya yi baƙi a gabas, iska ta kwashi shara ta watsa mana a ido, sannan ya watse kamar ba a yi ba. Tsohuwar littafi kuwa tana ta tafiya. Ta kwana a kango, an kusa kama ta a bakin rijiya, ƙaiƙayi ya dame ta ba ta isa ta sosa ba. Inna takan gyara wa marubucin zance: wai da ya sa ta shafa toka da ƙaiƙayin bai dame ta ba. Maƙwabta biyu suka fara leƙowa suna zama. Har gardama aka yi kan ko mutum zai iya mance yadda ake shuka. Inna ta ce zai iya, in uwarsa ba ta taɓa kai shi gona ba.

Ana cikin goman ƙarshe na iso shafin ƙarshe. Na ga rubutun ya tsaya a rabin takarda. Kulu ta riga ta wanke turmi tun da rana. Tsohuwa ta iso ƙofar ƙarshe, ga kwarin tana hangowa. Mai tsaro ya caje ƙullinta bai ga komai ba, ya ce ta wuce. Ta ɗaga ƙafa ke nan, sai ya ce, "Tsaya, Iya. Cire kallabin."

Na kai yatsa layi na gaba, na haɗa shi a zuci, na sake haɗawa.

"Karanta mana!" in ji Kulu.

Na karanta abin da ke wurin. Marubucin ya ce wanda ke son jin yadda ta kaya ya nemi littafi na biyu.

Kulu ta fizge littafin ta girgiza shi, ta leƙa ƙarƙashin tabarma ko wata takarda ta faɗi. "Amma wanga mutum Allah ya isa! Ya kawo tsohuwa bakin ƙofa ya tafi shan ruwa?" Maƙwabtan nan suka fashe da dariya, ni ma na yi, har leɓena ya tsage. Rabon gidan da dariya tun kafin azumi.

Da dariya ta lafa Kulu ta miƙe ta ce, "To, an dai kai ƙarshe. In ɗauko tulu?"

"Ni ban ji ƙarshe ba," in ji Inna.

"Inna, littafi ya ƙare!"

"Takarda ta ƙare. Tsohuwa na nan tsaye da kallabinta."

Kulu ta dubi Inna, ta dube ni, ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki. Muna jin kukanta. Inna ta ci gaba da ɓarar anza, amma ƙwaya tana ta zubewa a ƙasa ba ta tsince ba. Ita ma jikanta ne ke cikin ɗakin nan.

Washegari Inna ta ɗauki sandarta, da azumi a bakinta, ta taka har gidan Malama Rifkatu wai neman littafi na biyu. Ni kuma na kwaso kwanonin jerena na aure na ba dillaliya, ta musanya mana da garin rogo. Wajen azahar Inna ta dawo, ƙafafu fari fat, da ɗan ƙullin garin masara da Malama ta ba ta don mai goyo.

"Ta ce wani malamin firamare na wajen Bukkuyum ya rubuta shi, kuma bai buga na biyun ba tukuna." Ta zauna tana haki. "Sai mu jira shi."

Da garin nan muka lallaɓa. Kulu ba ta yi mini magana ba har Sallah, ranar ma gaisuwa kawai. Yaron ya rame har idonsa ya fi fuskarsa, amma yana nan.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, wata la'asar, iska ta juya. Ba irin mai zafin nan ba, wata mai sanyi da ke ɗauke da ƙanshin ƙasa tun daga nesa. Awakin maƙwabta suka fara kuka. Ɗigon farko da ya faɗo a tsakar gida sai da ya ta da ƙura. Sannan ya sauko gaba ɗaya, kamar ana juye randa. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har turmin da Kulu ta wanke. Rabi ta tsaya tsirara a tsakiyar gida ta buɗe baki sama. Ɗakina ya yi yoyo, ban damu ba, littattafan kawai na cusa a cikin tukunya na rufe.

Mazanmu suka iso a kan ruwa na biyu, da ɗan abin da suka samo. Da sassafe Inna ta jawo tulun da kanta, ta ƙwanƙwasa lakar da gindin muciya. Toka ta tashi, gero ya bayyana, ko ƙwaro ɗaya babu. Inna ta juye shi a ƙwarya, muka nufi gona.

A gona maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, sanyi har ka. Gidaje da yawa a garin ranar ba su fita ba, sun cinye irinsu, sai daga baya suka bi dangi suna roƙo. Inna ta ɗebi na maƙwabtan nan biyu ta aika musu. Tana layin da ke kusa da nawa, ta tsufa amma ba ta yarda an bar ta a gida ba. Ta jefa, ta take, ta jefa, ta take. Da muka kai ƙarshen kunyar farko ta tsaya, ta kwance kallabinta ta share fuska.

"Hajo."

"Na'am, Inna."

"In kin ga malamin nan, ki ce mai kada ya wahal da kai. Tsohuwa ta wuce."

Kulu tana bayanmu da goyo. Ta ce, "Da Malama Hajo za a aika, sai an yi girbi kafin saƙo ya kai." Daga nan na san mun shirya.

Ban taɓa ganin malamin ba, littafi na biyu kuma bai taɓa fitowa ba, na sa an duba mini a kasuwar Gummi ba sau ɗaya ba. Inna ta rasu da daɗewa. Yanzu akwai famfo a bakin masallaci, iri kuma a leda ake sayar da shi, an rina shi ja. Gonakin nesa ba kullum ake iya zuwa ba. Amma ɗan da Kulu ta goya a shekarar, shi ke noma ta kusa da gida, kuma gajeren geron nan yake shukawa. Tulun yana ƙarƙashin gadona, ni ke liƙe shi duk kaka.

Jiya Rabi ta sake bugowa.

"Inna, ko kaɗan dai ki gaya min. Ya yi ko bai yi ba?"

Na ce mata akwai mata a ciki, suna daka, suna ɗebo ruwa, wannan ya yi. Na ce akwai inda ta sa mai yunwa yana dogon jawabi, ta rage, mai yunwa ba ya son magana. Na ce kuma shekaranjiya na ɗora kunu na zauna da littafinta har ya kama, jikokina suka sha da ƙauri.

"To ki yi sauri mana, Inna, masu shago suna jira."

Na ce su jira. Hadari yana haɗuwa a gabas, na ja tabarmata zuwa bakin ɗaki, na nemo inda yatsana ya tsaya.